Taku Bakwai Wajen Katanga

Ni ne tafinta. Bakin wasu nake ara,
in ɗebo Turanci daga teburin Mai Shari'a
in juye shi a kunnen wanda ya kawo ƙara.

Ranar Talata aka kira Tabawa,
mai robobi a Ƙofar Wambai.
Kwamitin kasuwa ya zauna a kanta,
ya ce rumfarta ta koma hannun wani.
An ɗana kwaɗo, an shafa jan fenti,
butoci da bokitai na ciki suna jira.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a aika a auna.
Rumfata taku bakwai take wajen katanga,
su kuwa ikonsu a katanga ya tsaya.
Yaushe mai unguwar Fagge
ya fara sasanta rikicin Gwale?"
Na juya zancen, ya fito a rame.
Lauyanta, Sammani, ya dunƙule shi a kalma biyu,
babu hurumi,
ya zauna, ya kama kwalarsa yana gyara.

Na kwamiti ya miƙe da littafi mai kauri:
"Dokar da ta haifi kwamiti
ita ta jingina masa tsani.
Wanda bai gamsu ba, yana da kwana talatin.
Ga ƙofa a buɗe, me ya kawo tsallake?
Ta je gaban hukumar ɗaukaka ƙara."

Tabawa ta dube ni, ba shi ba.
"Gaya masa, in baƙo ya yanka mini akuya,
ba kason nama nake jayayya ba,
wuƙar nake tambaya wa ya ba shi.
In na kai kuka wurin yayansa
ai na yarda ke nan ɗan gida ne."
Na faɗa duka, ban rage ba,
har wani ɗan sanda a bakin ƙofa ya dara.

Fanka na juyi, ba ta kawo iska.
Mai Shari'a ya daɗe yana rubutu.
Ya ce ƙofar nan ba a toshe take ba:
da rashin hurumin a fili yake
kamar rana tsakar azahar,
da yau zai tsinke hukuncin, ko da tsani a jingine.
Amma ga taswira biyu a gabansa,
ta kafin gobara da ta bayanta,
ɗaya ta sa rumfar ciki, ɗaya ta fitar da ita.
Masu igiyar awo suna can hukuma.
A kai musu maganar hurumin su fara ji,
in sun kauce, a dawo.
Mai hawan tsani daga ƙasa yake fara.

Ta ce, "Na ci, ko an cinye ni?"
Na nemi kalma a harshe biyu, na rasa.
Na ce, "Hajiya, ba a taɓa maganarki ba.
An dai ce ba nan ne farkon hanya ba."
Ta ce, "Kuɗin lauya fa, shi ma a farko yake?"
Wannan babu wanda ya ce in fassara.

A gindin darbejiya, wurin masu buga takardu,
na ga tana ɗaure bakin mayafi.
Ba aikina ba ne, amma na lissafa da yatsu:
ashirin da bakwai sun tafi a nan,
Juma'a talatin za ta cika.
Na ce, "Kada ki kwana. Uku ne saura."

Da yamma na bi ta Ƙofar Wambai.
Na sa diddige a jikin katanga, na ƙirga:
bakwai cif, da ƙafata.
Sai wani mai shayi ya nuna mini da ludayi
gindin tsohon gini, can bayan rumfar,
rabi a ƙasa, rabi a cikin shara.